Kori, Suya da Allon Ƙofar Shago: Wa Ke Raɗa wa Abinci Suna a Ƙasar Waje?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda 'yan uwa da suka ce data ba ta barinsu su saurari murya har ƙarshe.

Wani mai bibiyarmu da ke karatu a Ingila ne ya jawo maganar yau. Ya ce ya shiga gidan abinci, a allon ƙofa an rubuta "abincin Indiya", ya zauna ya ci, da hira ta yi hira sai ya gano mai shagon ɗan Bangaladash ne, mai gasa naman kuma ɗan Pakistan. Babu Ba'indiye ko ɗaya a wurin. Shi ne yake tambaya, wannan ba ha'inci ba ne? Kuma wai mene ne ma bambancin abincin Indiya da na Pakistan?

Saƙon ya same ni a ƙauyenmu, can gefen Ɗambatta, ina zaune a zaure, ƙamshin ƙuli-ƙuli na tasowa daga cikin gidan maƙwabta. Sai na yi dariya. Na ce ɗan uwa, abin da ka gani a Landan ai shi ake yi wa matan da ke matsar man gyaɗa a bayan katangar nan, shekara da shekaru. Amma bari mu fara amsa masa tambayarsa, sannan mu dawo gida, don a gida maganar ta fi nauyi.

Mu kanmu Hausawa ba mu cika rarrabewa ba. Iyayenmu da suka yi sakandare a shekarun 1970 da 1980 sun sha karatu a hannun malaman lissafi da kimiyya daga Indiya da Pakistan, amma duk "Ba'indiye" ake ce musu. Fina-finan da aka kalla a Plaza da Orion da Marhaba su suka dasa mana sunan Indiya a ka. Pakistan ba ta aiko mana da fim irin haka ba, sai sunanta ya ɓuya a bayan na maƙwabciyarta. Ku riƙe wannan, don kusan abin da ya faru a Ingila ke nan.

Kafin watan Agustan 1947 babu wata ƙasa mai suna Pakistan. Duk yankin Turawan Ingila na kiransa Indiya. Da za su tafi, aka ɗauko wani lauya, Cyril Radcliffe, wanda bai taɓa taka ƙasar ba, aka ba shi kamar mako biyar ya ja layi. Layin ya tsaga lardin Punjab gida biyu. Lahore ta faɗa Pakistan, Amritsar ta faɗa Indiya, alhali tsakaninsu bai wuce kilomita 50 ba. Mutum sama da miliyan 10 suka bar gidajensu, dubban ɗaruruwa suka mutu a hanya.

To mutane in sun yi hijira da tukwanensu suke tafiya. Wasu 'yan Hindu masu gasa kaza a tanderu a birnin Peshawar, cikinsu da Kundan Lal Gujral, suka gudo Delhi suka buɗe gidan abinci mai suna Moti Mahal. Daga nan kazar tanderu ta yi suna, har yau duniya na ɗaukarta tambarin abincin Indiya, alhali Peshawar tana cikin Pakistan. Ta ɗaya ɓangaren kuma, Musulmin Delhi da suka koma Karachi suka tafi da nihari, wani farfesun nama da ake barinsa ya kwana a kan wuta a ci da sassafe, sunansa ma daga "nahar" na Larabci. Yau in ka tambayi ɗan Pakistan abincin ƙasarsu, da wuya bai ambaci nihari ba. Kun ga an yi musaya ke nan, kowa ya ɗauki na wani ya manna masa tutarsa.

Bambanci kuwa akwai shi, kada wani ya ce muku duk ɗaya ne. Girkin Pakistan na nama ne, har da naman sa, da gurasar alkama mai zafi daga tanderu. Karahi, halim, kebab ɗin Peshawar mai faɗi kamar tafin hannu. Indiya kuwa jihohi da yawa sun hana yanka saniya, kuma miliyoyin mutane ba sa cin nama ko kaɗan, musamman irin su Gujarat. In ka gangara kudu sai ka tarar da shinkafa da kwakwa da tsamiya, da dosa, wata wainar shinkafa mai faɗi da ake barin ƙullunta ya kwana ya yi tsami, kamar dai sinasir ɗinmu. Abincin mutumin Amritsar ya fi kusa da na mutumin Lahore nesa ba kusa ba, a kan na mutumin Chennai da suke riƙe da fasfo iri ɗaya. Wato inda bambancin gaske yake, shi ne ƙasar noma da addini da al'adar gari. Layin Radcliffe daga baya ya zo.

To me ya sa a Ingila duk aka ce "Indiya"? Saboda sunan ya riga kowa isa kasuwa. Tun 1810 wani mutumin Patna, Sake Dean Mahomed, ya buɗe Hindoostane Coffee House a Landan, don Turawan da suka yi aiki a Indiya suka dawo da kwaɗayin yaji. Bai yi nasara ba, cikin shekara biyu ya karye. A 1926 aka buɗe Veeraswamy a titin Regent. Amma waɗanda suka cika Ingila da irin waɗannan shaguna mutanen Sylhet ne, wani yanki da ke Bangaladash a yau. Ma'aikatan jiragen ruwa ne, da yawansu masu zuba gawayi a injin. Bayan yaƙin duniya na biyu suka riƙa sayen ƙananan shagunan da suka durƙushe suna mayar da su gidajen abinci. Ka duba lissafin: an haifi mutum ɗan Indiya, a 1947 ya wayi gari ɗan Pakistan, a 1971 ya sake wayar gari ɗan Bangaladash. Sau nawa zai sauya allo? Kuma Baturen da ke wucewa Indiya kawai ya sani. Sai ya bar allon yadda yake. Har yau mafi yawan gidajen "abincin Indiya" na unguwannin Birtaniya a hannun 'yan asalin Bangaladash suke.

Abincin da ke cikin shagon ma ba shi suke ci a gidajensu ba. Mutumin Sylhet kifi da shinkafa ya sani. Abin da ya yi shi ne, ya dafa babbar tukunyar miyar albasa guda ɗaya, kowane oda ya zo a ɗebo a ƙara yaji ko madara a raɗa masa suna. Vindaloo, wanda asalinsa girkin naman alade ne na mutanen Goa da suka koya daga Turawan Fotugal, a shagon Musulmin Sylhet sai ya koma ma'anar "mai yaji sosai", da kaza ko rago. Shi kuma chicken tikka masala, wanda ministan harkokin wajen Birtaniya Robin Cook ya kira abincin ƙasarsu a wani jawabi a 2001, wanda aka fi jingina wa ƙirƙirarsa shi ne Ali Ahmed Aslam na shagon Shish Mahal a Glasgow, haifaffen yankin Lahore, ya rasu a 2022. Akwai masu musun hakan, amma ku dai ji: abincin "Indiya" mafi shahara a Ingila, ɗan Pakistan ake cewa ya haɗa shi a Sikotland.

Ita kanta kalmar kori, wadda iyayenmu mata ke barbaɗa garinta a dafa-duka, daga "kari" ta harshen Tamil Turawa suka ɗauko ta, suka lulluɓe ɗaruruwan girke-girke masu sunaye daban-daban da ita.

Yanzu mu tsallako gida.

Bahaushe ya san suya. Suya ita ce abin da ake yi da mai a kasko, kamar suyar naman layya. Naman da aka yanyanka aka soke a tsinke, aka shafa masa ƙuli, aka jera a gefen tukuba, sunansa tsire. Wanda aka gasa a shimfiɗe balangu ne. Wanda aka fere shi siriri aka shanya, aka tsoma a labu aka sake shanyawa sannan aka nuna masa wuta, kilishi. Kowanne da sunansa da gwaninsa. Amma da sana'ar ta sauka Kudu, sai kalma ɗaya ta haɗiye sauran, komai ya zama "suya". Daga Legas kalmar ta hau jirgi. A watan Janairun 2025 aka yi ta murna a kafafen sada zumunta cewa ƙamus ɗin Oxford ya shigar da "suya" cikin Ingilishi. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba. Amma dai kun ga irin abin da ya sami kori ne ya same mu: sunan da mai saye ya iya faɗa shi ya ci kasuwa.

Abin da ke bambanta tsire da mafi yawan gasasshen nama na duniya shi ne gyaɗa. Larabawa na da kebab, Turkawa na da nasu, 'yan Pakistan na da nasu. Babu mai shafa garin ƙuli-ƙuli sai mu. Kuma wannan gyaɗar tana da tarihi a ƙasar nan tamu ta arewacin Kano.

Asalinta daga Kudancin Amurka take, jiragen Fotugal suka kawo ta gaɓar Afirka, kamar yadda suka kai barkono Indiya. Kafin ita gujjiya muka sani. Ta sami ƙasar da ta dace da ita a nan: jigawa mai yashi-yashi, damina gajera. Wanda ya taɓa bin hanyar Minjibir ko Bichi ko Dawakin Tofa ya san yadda karkarar take. Gona na manne da gona, gida na hango gida, babu dajin da za a ce an bar ƙasa ta huta. Kowace shekara sai an noma, da taki ake riƙe ta, har jakuna ke kai itace birni su dawo da shara da toka. Masanin ƙasa Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazarin yadda mutane masu yawa haka ke rayuwa a kan ƙasa kaɗan haka ba ta mutu ba. Wani ɓangare na amsar shi ne haɗa shuka: gero da dawa da wake da gyaɗa a gona ɗaya, harawar ta tafi ga dabbobi, kashinsu ya dawo gona.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, Turawa auduga suka sa rai za a noma musu don masaƙun Lancashire. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi. Ba ta cin ƙasa, in farashi ya faɗi a ci ta, kuma dillalan Hausa sun riga sun shiga ƙauyuka suna ba da kuɗi da gishiri da tufafi tun kafin kaka. Daga nan aka doshi zamanin dalar gyaɗa, da su Alhasan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955. Buhunan suka tafi Turai aka matse su aka yi man girki da sabulu. Ba a taɓa rubuta Ɗambatta ko Kunci a jikin kwalba ba. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, ga kuɗin fetur da ya ɗauke hankalin gwamnati, su suka rushe dalar.

Abin da bai rushe ba shi ne sana'ar cikin gida. Mace a cikin kulle ta sayi tiya biyu ko uku, ta soya, ta murje, a kai inji, ta zo ta tuƙa da ruwan zafi har mai ya tsatso, ta kwashe, tunkuzar ta murza ta soya ƙuli. 'Yarta ta ɗauki mai da ƙuli ta kai kasuwa. Mahauci ya saya ya daka da citta da barkono da kanumfari da masoro da gishiri. Wannan hannun shi ne farkon duk wani tsire da ake ci daga Sabon Gari har Peckham, kuma shi ne hannun da ya fi kowa samun kaɗan.

Yadda abincin ya fita kuwa, bai jira jirgin sama ba. Fataken goro sun ɗauki ɗaruruwan shekaru suna zirga-zirga tsakanin Kano da Gwanja, inda kasuwar Salaga take a arewacin Gana ta yau. Da Salaga ta watse bayan yaƙin basasar 1892, Hausawa suka bazu zangon Kumasi da na Ankara. Je ka Ankara yau da safe ka ga layi a gaban mai "waakye". Wake ne fa, shinkafa da wake, garau-garau ɗinmu, sai dai suna dafa shi da ganyen karan dafi ya yi ja. Akwai "tuo zaafi", wanda kowane Bahaushe zai ji tuwo da zafi a ciki. Akwai "koose", ƙosai. Akwai tsire da suke kira chichinga. Duk waɗannan in ka shiga gidan abincin Gana a Landan ko New York, abincin Gana ne, kuma ba ƙarya suka yi ba, don sun riƙe shi sun gyara shi ya zama nasu. Koko kuwa ya tsira da sunanmu a jikinsa, har yau "Hausa koko" suke cewa.

Ta gabas ma haka. Mahajjata masu tafiya a ƙasa, da waɗanda suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna a Mai Wurno a bakin kogin Nilu, sun bar wa Sudan "agashe", nama da garin gyaɗa da yaji. Ku sake faɗin kalmar a hankali, a gashe. A Makka da Jidda kuma akwai abin da Larabawan Hijaz ke kira "sire", kuma tsire ne, zuriyar Hausawan can suka shahara da shi. A Dakar ana sayar da "dibi hausa". A Kamaru "soya". A Abijan akwai garba, wato acake da soyayyen kifi, abincin ɗalibai da 'yan ƙwadago, wanda ake danganta sunansa da 'yan Nijar masu sayar da shi, don Garba dai kun san sunan gidanmu ne.

Ambaton Nijar ya kawo mu ga namu layin Radcliffe. In ka hau mota daga Kano ka bi ta Ɗambatta, Kazaure, Daura, ka tsallaka Kwangwalam, ka wuce Matamaye, sai Damagaram. A duk tafiyar nan yaushe fura ta sauya? Yaushe tuwo ya daina zama tuwo? Ingila da Faransa suka yi ta ja-in-ja a kan takarda daga 1890 zuwa 1906, sannan aka bi daji ana kafa alamomi har 1908. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake kiransa, don zuriyar sarakunan Katsina ne da jihadi ya kora arewa. Alhamdu lillahi namu layin bai zo da zubar da jini irin na Punjab ba, amma shi ma ya raba tukunya ɗaya ya ba ta tuta biyu.

Kuma shekara ɗari ta haifar da ɗan bambanci, kamar yadda ta haifar tsakanin Lahore da Amritsar. Can gero ne sarki, in an ce hatsi shi ake nufi, fura abinci ce ta yini guda, ga cuku, ga dogon burodin Faransa da ake cusa wa nama. Nan kuma masara da shinkafa da manja da taliya sun shigo mana sosai, ga gurasa bandashe ta birnin Kano. Amma a kan nama, wallahi rabuwar ba ta yiwuwa. Sa ya taso daga Nijar ya shigo ta Maigatari ko Mai'aduwa, a saye shi a kasuwar Ɗambatta ko Wudil, a loda shi a tirela zuwa Legas. Ƙulin daga ƙauyen Kano ko Jigawa. Cittar daga Kachia a kudancin Kaduna. Mai tukubar kuma, in ka matsa masa da tambaya, sau da yawa ka ji ya ce shi mutumin Tawa ne ko Madawa. Duk a taru a ce "Nigerian suya". Ɗan Nijar ɗin nan da ke tsaye a Obalende shi ne mutumin Sylhet ɗinmu: ya san in ya tsaya gyara wa mai saye taswira, naman zai huce. Ko a cikin birnin Kano, unguwar da ta yi suna da kilishi ita ce Agadasawa, kuma sunan kaɗai ya gaya maka daga inda kakannin unguwar suka fito.

Wani zai ce to mene ne a ciki, suna ai suna ne, in dai an ci an biya. A nan ne nake ganin muna yin sakaci. Suna kuɗi ne, kuma Indiya da Pakistan sun san haka. Shinkafar basmati a ɓangarorin Punjab biyu ake noma ta. Da wani kamfanin Texas, RiceTec, ya sami rajistar mallaka a kan wasu nau'o'inta a Amurka a 1997, Indiya ta tashi tsaye har aka soke mafi yawan abin da ya nema. Da Indiya ta je Tarayyar Turai tana neman a ce sunan basmati nata ne, Pakistan ta shigar da ƙorafi a 2020, don ta san in aka ba Indiya ita kaɗai, manomanta sun rasa babbar kasuwa. Har kazar nan mai man shanu da ake kira butter chicken, a 2024 zuriyar abokan kasuwanci biyu na Moti Mahal sun kai juna babbar kotun Delhi a kan kakan wa ya ƙirƙiro ta.

Mu kuwa an daɗe ana yi mana. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda majeman Kano suka jeme aka rina, ta ratsa Sahara a bayan raƙuma, Turawa suka saye ta a tashoshin Arewacin Afirka, suka yi wa littattafansu bango da ita, suka kira ta fatar Maroko. Yau ma je Dawanau ka ga zoɓorodo ana loda shi a kwantena. Da yawansa Meziko za shi, inda ake jiƙa shi a sha da sunan "jamaica". Riɗin da aka auna a nan ya zama mai a Japan, ya zama tahina a Turkiyya. Kuma cikin manyan masu saye a Dawanau har da kamfanonin Indiyawa, waɗanda suka fi kowa sanin darajar a ce kaya daga wuri kaza ya fito.

Nijar ta riga mu farkawa a nan. Tana cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ke rajistar irin waɗannan sunaye ga ƙasashe 17, akasarinsu masu amfani da Faransanci, kuma a 'yan shekarun nan ta yi wa "Kilichi du Niger" da albasar Galmi rajista a matsayin kayan da sunansu ke ɗaure da ƙasarsu. Najeriya ba ta cikin wannan ƙungiya. Na ga wasu matasanmu sun fusata a intanet, wai an ƙwace mana kilishi. Ni ban ga ƙwace ba. Mutumin Madawa bai ari kilishi a wurin kowa ba, gadonsa ne kamar yadda yake gadon na Agadasawa. Sun rubuta nasu, mu ba mu rubuta namu ba. In akwai abin faɗa, da kanmu za mu yi.

Akwai kuma wani abu da ya kamata masu tunanin kasuwanci su lura da shi. Nama ba ya tsallaka iyakar Turai da Amurka cikin jaka. Duk wanda ya taɓa yi wa ɗan uwa guzurin kilishi zuwa Ingila ya san yadda ake ƙarewa da shi a filin jirgi. Saboda haka mai tsiren Landan naman can yake saya. Abin da zai iya tasowa daga nan shi ne yajin, wato ƙuli da kayan ƙamshi. A shagunan intanet ana sayar da shi a ƙananan kwalabe da sunan "suya spice", da fam da dala, wani ma a can aka haɗa shi da gyaɗar wata ƙasa. Abin da ke tare namu a hanya sananne ne: gyaɗar da aka tara da danshi tana yin fumfuna mai guba da ake kira afalatoksin, kuma Turai na gwada kaya a kansa ba sani ba sabo. Mun ga yadda Tarayyar Turai ta rufe ƙofa ga busasshen wakenmu a 2015 saboda maganin ƙwari da ake zuba masa a rumbu. Ke nan maganar suna tana komawa har kan yadda aka shanya gyaɗa a gona a Makoɗa, da irin buhun da aka zuba ta.

'Yan Pakistan na Ingila ba da ƙorafi suka fito da sunansu ba. Da yawansu ya ƙaru, musamman mutanen Mirpur da ginin madatsar ruwan Mangla ya tasa a shekarun 1960, sai suka fara dafa wa junansu a Bradford da Birmingham da gabashin Landan. Ba ruwansu da ɗanɗanon Bature, yawanci ba sa sayar da giya, halal a rubuce ɓaro-ɓaro. Kuma maimakon sunan ƙasa sai suka ɗora sunan gari: Lahore, Karachi, Peshawar. Lahore Kebab House da Tayyabs na unguwar Whitechapel tun farkon shekarun 1970 suke. Da abincin ya yi daɗi, Turawan da kansu suka biyo layi, suka koyi cewa wannan daban ne da korin unguwarsu. Mutanen kudancin Indiya ma haka suka yi, suka rubuta Kerala da Chennai a allunansu.

Namu ma an fara. Shekaru da dama sunan da aka sani a Peckham shi ne Obalende Suya, sunan unguwar Legas. Yanzu a Peckham ɗin akwai Alhaji Suya, inda ake kiran abin da na Hausa, ana sayar da kilishi da tozo da sunayensu. Adejoké Bakare, wadda ta tashi a Kaduna, ta sa wa gidan abincinta na Landan suna Chishuru, daga "ci shiru" na Hausa, kuma a 2024 ta zama baƙar mace ta farko a Birtaniya da ta sami tauraron Michelin. A allonta "Afirka ta Yamma" aka rubuta, don shi ne sunan da mai saye na can ya fara ganewa a yanzu, kamar yadda ya fara da "Indiya".

Da na gama karanta saƙon ɗan uwanmu na Ingila, na aika yaro ya sayo min ƙuli na ɗari biyu a gidan maƙwabtan. Ya dawo da shi a ƙulle a farar leda, babu rubutu ko ɗaya a jiki. Na tambayi Inna mai yin sa ko ta san ana sayar da garin wannan abu a Landan. Ta ce, "Ɗan nan, su ma can suna da tukuba ne?" Na ce suna da irin tasu. Ta ce to in na tashi aikawa in faɗa mata da wuri, don gyaɗa ta yi tsada bana, sai ta sa an auno mata tun ranar kasuwa.

Wanda ke zaune a Gana ko Sudan ko Saudiyya, ya rubuto mana sunan da ake kiran abincinmu da shi a inda yake, za mu karanta a shiri na gaba in Allah ya kai mu.